Kifin da ke Gudun Ruwa: Littafin Aikin Ƙidayar Bileni a Gaɓar Guam

18 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne in ƙidaya wani ɗan kifi a kan duwatsun gabashin tsibirin Guam, in ga yadda yawansa ke sauyawa daga yanzu zuwa shigowar damina. Masana suna kiransa Alticus arnoldorum, kuma tun 1938 aka ba shi wannan suna. Ɗan dangin bileni ne, dangin da ke da nau'i kusan 400 a tekunan duniya, yawancinsu ƙanana, masu zama a ruwa marar zurfi tsakanin duwatsu. Babbansa ba ya wuce santimita 8. Ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye, fata ce kawai mai yauƙi. Haƙoransa ƙanana ne a jere, da su yake kankare gansakuka da dattin da ke manne a jikin dutse.

Abin da ya raba shi da 'yan uwansa shi ne, idan ya girma, a tudu yake rayuwa. Ba a cikin kududdufi ba, a kan dutsen kansa, a wurin da feshin igiya ke kaiwa. A nan yake ci, a nan yake faɗa, a nan yake neman mace. Yana numfashi ta mashaƙar da ke gefen kansa da kuma ta fata, amma duka biyun ba sa aiki sai da danshi. Idan ya bushe, ya shaƙe ke nan.

Guam yanki ne na Amurka a yammacin tekun Fasifik, shi ne na can kudu a jerin tsibiran Mariyana, tsawonsa kimanin kilomita 50. Arewacinsa tudu ne na dutsen murjani, fari-fari, mai ramuka da kaifi. Kudancinsa kuwa tsohon dutsen aman wuta ne, mai duhu. Na zaɓi wurare uku a gefen gabas, inda iska ke bugowa: biyu a kusa da lungun tekun Pago, wanda ɗakin binciken teku na Jami'ar Guam ke kallonsa, ɗaya kuma can ƙasa wajen Talofofo. A kowane wuri na ware yanki mai tsawon mita 10, na ɗauki hoton iyakokinsa domin in riƙa komawa daidai wurin.

Kayan aiki ba su da yawa: madubin hangen nesa, kyamara da ƙafafunta, ma'aunin zafi, littafin da ruwa ba ya ɓata shi, jadawalin cika da janyewar teku, da takalmi mai tafin tsumma saboda santsi. Abokin aikina ɗan tsibirin ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini kafin mu fara: ba a juya wa teku baya a wannan gefen. Ɗaya yana ƙidaya, ɗaya yana kallon igiya.

2 ga Fabrairu

Ƙidayar farko ta nuna cewa tambayar "kifi nawa ne a kan dutsen nan" ba ta da amsa ɗaya. Dutse guda, da hantsi ka gan shi cike da su, suna kiwo kai a ƙasa. Bayan awa biyu ka rantse ba a taɓa halittar kifi a wurin ba. Ba tafiya suka yi ba, ramuka suka shige.

Dalilin a bayyane yake idan mutum ya zauna ya lura. Lokacin da teku ya janye sosai, feshi ba ya kaiwa inda suke, dutse yana bushewa, rana tana gasa shi, dole su nemi tsaga mai laima. Lokacin da teku ya cika kuma, igiya tana dukan dutsen da ƙarfin da zai iya share su, nan ma sai rami. Tsakanin waɗannan biyun ne suke da 'yan awoyi, lokacin da feshi ke jiƙa dutse amma bai kai ya tafi da su ba. Terry Ord na Jami'ar New South Wales a Ostareliya da Tonia Hsieh sun bayyana wannan tun a 2011, daga aikin da suka yi a wannan tsibiri. Na karanta kafin in zo, amma gani ya kori ji. Ban zaci bambancin ya kai haka ba.

Tazarar cika da janyewar teku a Guam ba ta da yawa, galibi ba ta kai mita ɗaya ba. Saboda haka abin da ke tsara rayuwar kifin ba tsayin ruwa kaɗai ba ne, har da ƙarfin igiyar ranar. Ranar da iska ta yi ƙarfi, feshi yana hawa sama, su ma su hau. Ranar da teku ya kwanta, su sauko. Kuma da yake lokacin cikar teku yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, 'yan awoyin nan nasu suna zagaye agogo. Wannan makon da safe, mako mai zuwa da tsakar rana.

Na kira malamin da ke duba aikin na ce, "Malam, lissafin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya." Ya ce in daina neman ya tsaya, in dai rubuta abin da ke motsa shi. Daga yau kowace ƙidaya tana tafiya da abu huɗu: lokaci, matsayin teku a jadawali, zafin dutse, da inda feshi ya kai. Adadin da ba ya ɗauke da waɗannan, a ganina, bai cancanci a rubuta shi ba, ko nawa ne ko na wani.

15 ga Fabrairu

Iskar gabas ta matsa duk makon nan. Igiya tana haye yankin Talofofo gaba ɗaya. Ba mu sauka ba. Na zauna na jera hotuna.

1 ga Maris

Yau kyamara ta kama tsallen yadda ya kamata, kuma na daɗe ina maimaita kallonsa a hankali.

Da ido, abin da mutum ke gani kawai shi ne kifi yana nan, sai ga shi can. Idan aka rage gudun hoton sai a ga matakan. Yana lanƙwasa jiki har wutsiya ta zo kusa da kai. Sannan ya murɗa wutsiyar, ya kwantar da faɗinta a kan dutse. Sai ya miƙe jikin gaba ɗaya lokaci guda, ya tashi. Murɗawar nan ita ce asirin. Wutsiyar kifi a tsaye take, an yi ta ne don kaɗa ruwa hagu da dama. Idan ya tura dutse da ita a haka, da gefenta siriri zai tura, sai ta zame. Da ya juya ta, ya sami faɗin da zai dafa. Hsieh ce ta yi bayanin wannan a 2010, bayan ta kwatanta bileni na cikin ruwa da masu shiga su fita da kuma waɗanda suka koma tudu. Ta gano cewa na tudun ne ke da wannan murɗawa a matsayin hanyar tafiyarsu ta kullum.

Sauka ma abin kallo ce. Yana faɗawa jikin dutsen da ke tsaye, jiƙaƙƙe, ya manne, da taimakon fikafikansa na ƙirji da yauƙin jikinsa. Na ga wanda ya hau ƙarƙashin wani ɓangaren dutse da ya leƙo, kusan kai a ƙasa, ya ci gaba da kiwonsa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda suke yi da igiya. Babba ta taho, sai ka ga garken ya dare sama kafin ta iso, ko kuma kowa ya lafe a 'yar kafar da ke kusa da shi. Ta wuce, su dawo kan jiƙaƙƙen wurin da ta bari. Wanda igiya ta yi nasarar jefawa ruwa ba ya tsayawa iyo, tsalle yake yi a saman ruwan har ya dawo dutse. Kifi ne, amma ruwa ba wurin zamansa ba ne. Su kuwa 'yan uwansa na kududdufan ƙasa, irin su Istiblennius da Entomacrodus, idan ka tsorata su ruwa suke faɗawa. Wannan ya zama hanyata mafi sauƙi ta rarrabe su daga nesa: in ga inda kifi ke gudu idan inuwa ta gifta.

20 ga Maris

Wannan ne ɓangaren da ya fi cin lokacina, kuma ina jin shi zai zama zuciyar aikin.

Namiji yana da zanko a ka, wanda ya fi na mace girma nesa ba kusa ba. Wasu mazan ba sa yawo da garke. Kowanne yana da raminsa a jikin dutse, sama da inda ruwa ke tsayawa, yana zaune a baki. Idan mace ta gifta sai ya fara gyaɗa kai sama da ƙasa, kamar ƙadangare a kan katanga. Jikinsa kan yi duhu a lokacin. Idan kuwa wani ne ya matso da neman rigima, sai a ɗaga fiffiken baya. A kwance ba ka ganin komai, launin dutse ne. Da an ɗaga shi sai ja ya bayyana, a sake kwantar da shi nan take. Mata ma suna yin haka da junansu a wurin kiwo. Wato ado yana nan, amma a naɗe yake, sai an buƙace shi. Dabara ce mai kyau ga wanda ke zaune a fili, inda duk tsuntsu ke iya hango shi.

Macen ba ta gaggawa. Na ga wadda ta leƙa rami, ta fito, ta wuce na gaba, mai ramin farko yana ta gyaɗa kai a banza. A dangin bileni, mace tana manna ƙwai a bangon rami, namiji ya zuba musu maniyyi, sannan shi ne ke gadi har su ƙyanƙyashe. Ke nan ba namijin kaɗai take dubawa ba, har da gidan. Ramin da ya yi sama da yawa zai bushe, ƙwai su mutu. Wanda ya yi ƙasa da yawa, igiya da masu cin ƙwai na cikin ruwa suna kaiwa gare shi. Ramuka masu kyau suna cikin wani siririn layi ne, kuma a yankunana ban ga mai kyau da ya daɗe babu mai shi ba.

Wannan ya sa na ƙara wani abu a tsarin aiki. Kifin da ke kiwo yana zuwa yana ɓacewa, amma mai rami yana nan. Saboda haka na fara zana taswirar ramuka a kan hoton kowane yanki: wanne ke da mai gadi, tsayinsa daga gindin dutse, da ko feshi yana kai masa a tsakiyar cikar teku. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma abin da ido ke nuna mini zuwa yanzu shi ne, dutsen murjani na Pago mai yawan ramuka ya fi dutse mai sulɓi ɗaukar maza masu gida. Sai lissafi ya tabbatar.

Gane kifi ɗaya-ɗaya daga hoto bai yiwu ba tukuna. Suna sauya duhun jikinsu cikin ɗan lokaci, zanen jikin ya bayyana ya ɓace. Ba na son kamawa in yi musu alama, don fatar da suke numfashi da ita ce zan taɓa. Rami zan riƙa bi, ba kifi ba.

6 ga Afrilu

Wani zalɓe ya sauka a yankin Pago na biyu, ya yi ta takawa a hankali a bakin dutse. Kafin ya kai tsakiya, wurin ya zama wayam. Bai sami komai ba a gabana.

Tambayar da kowa ke yi mini ita ce, me ya fitar da kifi daga ruwa, alhali a tudu akwai rana da tsuntsaye da ƙaguwa? Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga tsibirin Rarotonga, a tsibiran Cook da ke kudancin tekun Fasifik. A can Ord da abokan aikinsa suka ƙera bileni na yumɓun roba, suka ajiye wasu a cikin ruwa, wasu a kan dutse, suka dawo suna duba alamun cizo. Na cikin ruwa sun fi shan hari sosai. Sun kuma lura cewa bileni na wurin suna hawa dutse ne daidai lokacin da teku ke cika, wato lokacin da manyan kifaye masu farauta ke shigowa gaɓa. An buga wannan a 2017. Tudu yana da haɗari, amma ruwa ya fi.

A nan Guam ma an yi gwaji da irin wannan yumɓu, aka buga a 2013. An ajiye wasu a kan dutsen da launinsa ya dace da na kifin, wasu a kan yashi. Na yashin sun fi shan hari. Ke nan launin jikinsu ba ado ba ne, kariya ce, kuma na shaida hakan da idona: sau da yawa ba na ganin kifi sai ya motsa, ko da ina kallon dutsen ta madubi.

Akwai abin da ke raina game da Guam musamman. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maciji mai hawa bishiya, Boiga irregularis, ya shigo tsibirin cikin kayan jiragen ruwa, ya ƙarar da mafi yawan tsuntsayen dajinsa na asali. Mutum yana jin shirun idan ya shiga daji. Tsuntsayen gaɓa irin su zalɓe suna nan, amma duk wanda zai kwatanta haɗarin tudu a Guam da na wani tsibiri, ya kamata ya tuna cewa sararin saman nan ba kamar yadda yake a da ba ne.

Fita daga ruwa ba baƙon abu ba ne ga kifaye kamar yadda ake zato. Wani nazari na 2016 ya ƙirga iyalai 33 na kifaye da ke da aƙalla nau'i ɗaya mai iya zama a tudu na wani lokaci, kuma a cikin dangin bileni kaɗai abin ya faru fiye da sau ɗaya. Kaɗan ne dai suka kai inda Alticus ya kai.

27 ga Afrilu

Na ƙara wuri na huɗu, ba don ƙidaya ta sosai ba, don kwatance: wata gaɓa da aka gina wa katangar siminti, gefenta kuma an jibge manyan duwatsu don tare igiya. A jikin simintin akwai gansakuka, akwai feshi, kuma na ga 'yan ƙanana suna kiwo. Mai gadin rami kuwa ban gani ba ko ɗaya, sai a wata tsaga inda simintin ya fashe. A cikin jibgaggun duwatsun abin ya fi kyau. Abinci yana nan a katanga, wurin ɓuya da wurin ƙwai ne babu. Wuri ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, amma idan za a gina katanga a bakin teku ko ta yaya, ban ga abin da zai hana a bar mata ramuka da kaushi ba.

'Yan ƙananan nan daga teku suka fito. Idan ƙwai suka ƙyanƙyashe, ruwa ne ke ɗauke 'ya'yan, su yi makonni suna yawo a buɗaɗɗen teku kafin su dawo gaɓa su hau dutse. Babba ba ya iya ƙetare doguwar gaɓar yashi, balle zurfin ruwa, don haka inda ya sauka yana ƙarami, kusan nan zai ƙare rayuwarsa. 'Ya'yan ne ke haɗa wannan dutse da wancan, da wannan tsibiri da wancan.

18 ga Mayu

Iska ta fara sassauci, teku yana kwanciya, kuma mun shiga watannin da janyewar teku mafi tsanani ke faɗowa da rana tsaka. Wannan shi ne lokacin wahala a gare su. Feshi ba ya kaiwa, dutse yana zafin da ba ka iya dafa shi da tafin hannu na dogon lokaci. 'Yan awoyin kiwonsu sun ragu, kuma layin da suke zama ya sauko ƙasa a duka yankunan uku. Wasu ramukan sama da ke da masu gadi a Maris yanzu babu kowa a bakinsu. Na haska fitila a cikin wata tsaga mai zurfi na tarar da su cunkushe, manya da ƙanana, babu mai ɗaga wa wani fiffike. Na ga kuma yadda suke birgima a ɗan ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse, gefe ɗaya sannan ɗaya gefen, su koma kiwo.

Da a ce yau na fara zuwa, da na rubuta cewa kifin ya yi ƙaranci a wurin nan. Taswirar ramuka ce ke nuna cewa saukowa suka yi.

A watan Mayun 2023 mahaukaciyar guguwar Mawar ta bugi tsibirin nan. Abokin aikina ya nuna mini duwatsun da ya ce igiyar lokacin ce ta juya su. Suna da gansakuka yanzu, kuma da bileni a kansu.

8 ga Yuni

Inda aiki ya tsaya: taswirar ramuka ta kammala a yankunan Pago biyu, ta Talofofo saura ɓangaren kudu, wanda ba a iya sauka sai teku ya kwanta sosai. Ƙidayoyin da aka yi kafin a fara rubuta zafin dutse na ware su gefe, ba za su shiga lissafi ba. Na saka ƙananan na'urorin auna zafi guda biyu a kowane yanki, ɗaya a fili, ɗaya a cikin tsaga, don a ga bambancin da rami ke yi da rana tsaka.

Damina tana shigowa cikin Yuli, kuma da ita akwai tambayar da nake son in duba: ruwan sama yana jiƙa dutse, amma ba ruwan gishiri ba ne. Ko suna fitowa kiwo a cikinsa lokacin da teku ya janye, ko suna jiran feshi? Zan ƙara layi na biyar a littafin ƙidaya domin ruwan sama, kuma zan cire na'urorin duk lokacin da aka yi gargaɗin guguwa. Ƙidaya ta gaba a Talofofo, idan igiya ta bari.